Neman Ɗaki a Ƙofar Taramniya

A farkon watan Afrilu na 2025 wani ɗanmu, ɗan ɗan'uwa, wanda yake koyarwa a wata makarantar firamare a Sakkwato, ya buga mana waya da dare. Bayan gaisuwa sai ya yi shiru. Mun san shi tun yana goye, ba mai saurin kawo kuka ba ne, saboda haka muka ce ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce mai gidan da yake haya ya ba shi wata uku ya tashi. Ga shi wata biyu sun shige, bai kuwa sami inda zai kai matarsa da 'ya'yansa uku ba. Shekara tara ke nan yana zaune a gidan, cikin wani lungu kusa da Ƙofar Taramniya.

Ba mu da gida a Sakkwato, ba mu kuma da kuɗin da za mu saya masa. Amma in furfura ta raka yaro wurin mai gida, wani lokaci akan ji nauyinta. Muka ce za mu zo mu taya shi yawon nema. Mu biyu muka tafi, maigida da uwargida.

Ta hanyar Yawuri da Jega muka bi. Muka wuce Tambuwal da Shagari, muka ratsa ƙasar Boɗinga inda Sifawa take. Tun da sauran tafiya, kafin a kai filin jirgin sama, muka fara ganin abin da za mu yi kwana huɗu muna gani. Gonakin gero ne aka yanka fuloti-fuloti, an kafa turakun siminti a kusurwoyi. Wani wurin harsashi kaɗai aka zuba. Wani wurin bulo ya kai gwiwa, wani ya kai tsayin taga, sa'an nan aiki ya tsaya, awaki suna kwance a inda falo zai kasance. Uwargida ta ce, "Garin da yake da gine-gine haka, ta ƙaƙa mutum zai rasa ɗaki?" Direbanmu ya yi dariya, ya ce, "Mama, ai bango ba ɗaki ba ne sai ya sami rufi."

Wanda ya je Ƙofar Taramniya yana neman ganuwar da Muhammadu Bello ya gina, zai sha yawo. Abin da zai tarar shi ne titi, da shaguna, da masu kabu-kabu, wato abin da a wasu garuruwa ake ce wa acaɓa, da keke mai ƙafa uku, kowa yana busa oda. Suna ne ya tsaya da ƙarfinsa, ya zama sunan unguwa. Taramniya itace ne na daji, kamar marke, shi ma akwai ƙofa mai sunansa. Wasu ƙofofin sun ɗauki sunan garin da suke fuskanta, kamar Ƙofar Kware da Ƙofar Dundaye. Wasu kuma sunan manya ne, kamar Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Joɗi. Akwai kuma Ƙofar Rini da Ƙofar Kaɗe.

A 1809 Bello ya kafa birnin. A 1815 mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa da jama'arsa ya komo Sakkwato, a nan ya rasu a 1817, a nan hubbarensa yake. Abin da ya ja hankalinmu cikin wannan labari shi ne, da jama'ar Shehu suka zo wuri bai isa ba, sai aka ƙara birnin, aka kira sabon yankin Sabon Birni. (Kada mai karatu ya haɗa shi da Sabon Birnin Gobir, wannan gari ne dabam can gabas, za mu zo kansa.) Ashe tun birnin yana ɗan shekara shida aka fara ƙarancin masauki. Maganinsa a lokacin mai sauƙi ne, a matsa da ganuwa gaba, a nuna wa mutum fili, shi da danginsa su kwaɓa ƙasa. Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya da ya zo wurin Bello a 1824, ya rubuta cewa da faɗuwar rana akan rufe ƙofofin. Wanda ke ciki ɗan gari ne ko baƙon ɗan gari. Baƙo kuwa ba ya kwana a titi. Fatake suna da mai masauki, almajiri yana da zauren malaminsa.

A 15 ga Maris 1903 sojojin Turawa suka ci birnin bayan yaƙin Giginya, a fili bayan ganuwa. Daga nan ƙofa ta daina aikin ƙofa. Amma gari bai yi saurin fashewa ba sai da gwamnati ta zo da ma'aikatanta. A 1967 Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. A 1975 aka kafa jami'a, wadda tun 1988 ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aka cire Neja a 1976, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, jiha tana raguwa, birni kuwa yana ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 427,000 a ƙananan hukumomi biyu na cikin gari, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar nan sun isa aure yanzu. Ta arewa kuma fadamar gulbin Rima ta tare gari, wanda ya tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, da ta yanke hanyar jami'a, ba zai so ya kafa gida can ba. Dole gari ya miƙe kudu da yamma da gabas, ya shiga ƙasar Wamakko da Dange Shuni da Boɗinga da Kware. Ƙofar da dā ita ce bakin gari, yau tana tsakiya.

Gidan da ɗanmu yake haya tsohon gida ne na ƙasa da aka yi wa filasta da siminti. An shiga ta zaure, amma rabin zauren ya riga ya zama shagon mai cajin waya. Ciki akwai sassa huɗu, rijiya guda, bishiyar darbejiya guda. Ɗanmu yana da ciki da falo. Matarsa tana da keken ɗinki a bakin ƙofa, matan lungun duka ita ke yi musu ɗinki. Daga nan zuwa makarantarsa tafiyar minti goma sha biyar ce da ƙafa. Kasuwa kusa, asibiti kusa. Shekara tara bai san kuɗin mota na zuwa aiki ba.

Da la'asar muka je gaida mai gidan. Mun tafi da shirin mu ga azzalumi, sai muka tarar da dattijo mai fara'a, tsohon masinja da ya yi ritaya, yana zaune a kan buzu. Ya sa aka kawo mana fura. Da maigida ya kawo maganar, ya sunkuyar da kai ya ce da Sakkwatancinsa, "Wallahi Malam ɗana na. Shekara tara ba mu taɓa sa-in-sa ba. Amma ɗiyana biyu za su aure bayan Salla, ina ni ka kai su? In na ce su tai haya, kurɗin da Malam ka ba ni ba su kama musu ko ɗaki guda." Muka duba, muka ga gaskiyarsa. Gidan nan ubansa ya gina shi domin mutum goma. Yanzu masu gādo a cikinsa sun fi ashirin, waɗansu ma suna matsa masa a sayar a raba kuɗi, gama wani ɗan kasuwa ya yi tayi, yana so ya rushe ya yi jerin shaguna. Ya ƙara wa ɗanmu mako biyu saboda zuwanmu. Iyakar abin da furfurarmu ta samo ke nan.

Kashegari muka fara da cikin gari. Ɗanmu ya kai mu wurin wani dillalin gidaje da ke zama a benci gaban wani kanti, da makullai a aljihu da waya biyu. Kafin ya tashi sai an ba shi kuɗin ganin gida, ko an kama ko ba a kama ba. In an kama kuma akwai la'ada. Ya nuna mana wuri biyar. Na fari ɗaki ne guda ba taga, bayan gida ɗaya ga iyali shida. Na biyu ya yi kyau, amma mai shi yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule. Na uku, muna isa aka ce wani ɗan kasuwa ya kama shi jiya, zai ajiye buhunan shinkafa. Wannan ya tsaya mana a rai. Buhu ba ya kuka da dare, ba ya cika masai, ba ya jan ruwan rijiya, mai shi kuma yana biya ba gardama. In mutum da buhu suka yi takarar ɗaki kusa da kasuwa, buhu ne ke ci.

A na huɗu mai gidan ya yi wa ɗanmu tambayoyi: mutumin ina ne, me yake yi, 'ya'ya nawa, wane addini. Da ya ji amsa ta ƙarshe sai ya ce zai yi shawara. Ba mu ɓoye wa masu karatu wannan ba, domin da yawa cikinku aiki yakan kai ku garuruwan da ba naku ba. Amma sai mu faɗi sauran gaskiyar. Mun san unguwanni a Jos da Kaduna inda Musulmi ne ke jin wannan "zan yi shawara". Kuma dattijon da ya riƙe ɗanmu shekara tara kamar ɗan cikinsa Musulmi ne, tun ran fari ya san ko wane ne ya ba ɗaki. Inda ɗaki ya yi kaɗan, mai gida yakan sami damar zaɓe, kowane irin son zuciya kuwa sai ya sami ƙofar fitowa. Na biyar ba mu ma shiga ba, kuɗinsa ya fi albashin ɗanmu na wata shida.

A hanyar komawa muka tsaya shan inuwa a wani zaure, gama zafin Afrilu a Sakkwato yakan wuce awo 40, kwalta har laushi take yi. Muna shiga muka ji sanyi kamar an buɗe randa. Mai zauren tsohon magini ne, idonsa ya fara raunana. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya bugi bango da tafin hannu ya ce, "Wanga bango kakana ya aza shi. Ku taɓa ku jiya." Muka taɓa. Kaurinsa ya kai kamu guda da rabi.

Muka daɗe a wurinsa, domin shi ne ya warware mana tambayar da uwargida ta yi a mota. Ya ce dā in saurayi zai yi aure, ba ya neman ɗaki, ɗaki ake yi masa. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sai a haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba ruwa da ciyawa, a tattake ta kwana da kwanaki, a mulmula tubali a shanya. Abokai su zo gayya, mata su dama fura. Magini ya aza bango, a jera azara ta giginya wadda gara ba ta ci, a yi rufin ƙasa, a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa don kada ruwa ya zauna. Irin wannan ɗaki mai rufin ƙasa shi Sakkwatawa ke kira shigifa. Abin da za a saya da kuɗi kaɗan ne, ƙyaure da azara da ladan magini. Sai dai kowace shekara kafin damina a yi yaɓe. Gidan yana girma tare da iyali, ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki ta baya.

Muka ce to, me ya hana yanzu? Ya lissafa da yatsu, ba da fushi ba. Bayan gida ya ƙare, bango ya haɗu da bangon maƙwabci. Kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike su an yi gini a kai, shi ya sa ma ruwan sama ya rasa wurin zuwa, unguwa kamar Mabera ta sha fama da ambaliya damina bayan damina. Giginya ta yi wuya, azara sai an kawo daga nesa. Gayya ta mutu, kowa yana neman na cefane, ba mai ba ka yini kyauta. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce akwai na ƙarshe, wanda ya fi sauran ƙarfi: iyayen amarya. In suka zo jere suka ga ɗakin ƙasa, sai su ce an raina 'yarsu. 'Ya'yansa maza huɗu, ba wanda ya gāji sana'ar. Biyu suna buga bulo, ɗaya yana kabu-kabu.

To, bulo sai da siminti. Abin mamaki, siminti a nan gefen gari ake yinsa. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967, domin ƙasar wurin tana da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Yanzu yana hannun BUA, an kuma ƙara masa sababbin injuna tun 2018. Manyan motoci suna fita da shi dare da rana. Amma kusanci bai sa ya yi wa talakan Sakkwato araha ba. A farkon 2024 buhu guda mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a kasuwannin ƙasar nan, a lokacin kuwa mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Wato mutum ya yi aikin wata guda cur, bai ci ba bai sha ba, ya sami buhu uku. A watan Yuli na 2024 doka ta mai da albashin naira 70,000, ya zama buhu bakwai in ba a ci abinci ba. Ɗan maginin, mai buga bulo, ya ce in ana son bulo mai ƙarfi buhu ɗaya ba ya ba da fiye da 30 zuwa 40, ɗaki guda kuma yakan ci wajen 400. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Wannan fa bulo ne kawai, ba a zo kan yashi da rodi da katako da kwano ba. Ga dalilin bangayen nan da muka gani a hanya sun tsaya a tsayin taga.

Mun gaya wa tsohon wani abu da ya faranta masa rai. A Yamai, babban birnin Nijar, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar, Mariam Kamara, ita da abokan aikinta sun gama wasu gidaje shida a 2016 da tubalin ƙasa wanda inji ke matsewa, gidaje masu bene, na zamani, masu sanyi. Sun yi su ne musamman don a ga ƙasa ba kayan ƙauye ba ce. A Burkina Faso kuma Francis Kéré, wanda ya fara da ginin makarantar ƙauyensu da laka, ya karɓi babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta duniya a 2022. Tsohon ya ce, "Ashe sai an kai ƙasa makaranta kāna a yarda da ita." A ganinmu, da hukuma za ta gina ofis guda ko makaranta guda mai kyau da irin wannan tubali a tsakiyar Sakkwato, da ta fi wa'azin shekara goma tasiri a kan iyayen amarya.

Rana ta uku muka zaga gidajen gwamnati, ko da yake ɗanmu ya ce ɓata mai ne. Muna so mu gani da idonmu. Akwai unguwannin da har yau ake kira lokos, wato gidaje masu araha, a Gwiwa da Runjin Sambo da Arkilla. A nan muka tuna garin Shagari da muka wuce. Alhaji Shehu Shagari, da ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya sa gidaje cikin manyan alkawuransa: gida 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace jiha. Kafin soja su hamɓarar da shi a ƙarshen 1983, abin da aka gama bai kai rubu'in 200,000 da aka yi niyya ba. Duk da haka waɗanda aka gina suna nan, mutane sun haifi 'ya'ya da jikoki a ciki. Sai dai kalmar araha ta daɗe da fita daga cikinsu. An sayar, an sāke sayarwa, an ja katanga, an sa ƙofar ƙarfe. Wurin da dā ake cewa ya yi nisa, yanzu unguwar masu hali ce.

Gwamnonin jiha ma kowa ya yi nasa, a Bado, a Kalambaina, daga baya kuma gidaje 500 a Gidan Salanke da wasu 500 a Wajake. A 2024 gwamnatin tarayya ta aza harsashin gidaje 250 a Sakkwato. Ba mu raina ko ɗaya ba, iyali 250 da suka sami rufi ba abin wasa ba ne. Amma a gari mai mutum dubu ɗaruruwa, wannan kamar a ɗebi ruwan gulbi da ludayi ne. Irin gidajen nan kuma akan sayar wa ma'aikaci ana cirewa daga albashi, sai wanda albashinsa zai ɗauki cirewar. Mai gyaran takalmi da mai sayar da ƙosai ba su cikin lissafi tun fari.

Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992. Dokar ta ce a cire naira 2 da kwabo 50 cikin kowace naira 100 ta albashin ma'aikaci a tara a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, shi kuma ya iya karɓar rance da ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya har cikin shekara 30. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma banki yana son takardar mallakar fili, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa filin cikin birni yana hannun gwamna, shi ke ba da takardar. Galibin fulotan bayan gari daga hannun manomi ake saye, shaidar ciniki ita ce 'yar takarda da sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan ta isa a hana maƙwabci cin iyaka. Banki kam ba ya karɓarta.

A ranar ce, wajen wata unguwa ta gefen gari, muka ga wani kango ba rufi, an ɗaura buhuna da tsofaffin zannuwa a tagogi, hayaƙi yana tashi daga ciki. Yara fiye da goma suka fito suna kallonmu. Uwargida ta yi sallama ta shiga. Mata ne daga ƙasar Sabon Birnin Gobir, 'yan bindiga suka kore su daga ƙauyensu. Tun harin Tabanni a ƙasar Raba a watan Yuli na 2018 gabashin jihar bai huta ba, mutanen Isa da Goronyo da Sabon Birni da yawa sun baro gonakinsu sun nufo birni. Waɗansu suna sansani kamar na Ramen Kura, waɗansu wurin dangi, ɗaki guda mutum goma. Waɗansu kuwa sai kango irin wannan, mai shi ya bar su su zauna har ran da ya sami kuɗin kwano. Uwargida ta fito ba ta ce kome ba. Can a mota ta ce wata tsohuwa ta gaya mata tana addu'a kada Allah ya hore wa mai kangon da wuri, sa'an nan ta nemi gafarar Allah a kan addu'ar.

Rana ta huɗu wani abokin aikin ɗanmu ya yi mana kwatancen wani gida can bayan Dambuwa, ta hanyar Gusau, a ƙasar Dange Shuni. Muka hau keke mai ƙafa uku har inda kwalta ta ƙare, muka sauka muka hau kabu-kabu, muka bi ta cikin yashi. Sabon gini ne na bulo, ciki da falo, rufin kwano ba silin. Da tsakar rana muka shiga, ba mu yi minti biyar ba muka fito muna sharce gumi, muna tuna zauren magini. Ba famfo, ba rijiya, sai 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura. Turakun lantarki sun tsaya gida goma kafin a iso. Ba bishiya ko guda. Amma sararin tsakar gida yana da faɗi, bayan gida nasu ne su kaɗai, mai gidan kuma ya yarda da kuɗin wata shida. Kuɗin hayar bai fi na tsohon gidan da yawa ba.

Da dare muka zauna a gindin darbejiya, ɗanmu ya ɗauko littafin aikin yara ya juya bayansa, muka yi lissafi. A nan ne muka ga inda arahar ta ɓuya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin abin hawa ya bi ta. Ɗanmu zai hau abu biyu da safe, biyu da yamma, kwana biyar a mako. Ya rubuta wannan. Ya rubuta ruwan garuwa na mutum biyar, na sha da wanka da wanki. Da ya tara su na shekara, sai suka fi kuɗin hayar kanta. Yara biyu da ke makaranta sai an sāke musu wata. Matarsa kuma ta ce, a hankali, "Baba, can wa zan yi wa ɗinki? Ban san kowa ba." Kuɗin ɗinkin nan shi ne cefanen gidan daga ashirin ga wata har a yi albashi.

Maigida ya ce ko a ƙara dubawa cikin gari. Ɗanmu ya ce, "Baba, wata biyu ina dubawa. In na ƙara mako guda, wannan ma wani zai kama." Muka haɗa abin da muka zo da shi da abin da yake da shi, da safe ya je ya biya wata shida.

Ran da za mu tafi suka fara kwasar kaya. An kira mota a-kori-kura ta tsaya a bakin titi, gama lungun ba ya ɗaukar mota, yaran unguwa suka yi ta jido, wannan da tukunya, wannan da tabarma. Dattijon mai gida ya fito da sandarsa ya tsaya, ya ƙi karɓar kuɗin mako biyun da ya ƙara. Da aka zo ɗaukar keken ɗinki, sai uwargidansa ta leƙo daga ciki ta ce a dakata. Ta kira matar ɗanmu, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Aka mai da keken cikin rabin zauren da ya rage, bayan shagon mai cajin waya, aka rufe shi da zane. Za ta riƙa zuwa ran Litinin da Laraba da Asabar, ta biyo mijinta da safe a ranakun makaranta su hau kabu-kabu guda, kuɗin mutum ɗaya da rabi. Ƙaramin yaron ya ƙi shiga mota sai da aka ciro masa reshen darbejiya, wai zai dasa a sabon gida. Ba wanda ya gaya masa reshe ba ya kamawa haka. Uwarsa ta tsinci 'ya'yan itacen a ƙasa ta ƙulle a bakin zane.

Motarsu ta fita titi ta yi kudu. Mu kuma muka tari mai keke ya kai mu tasha, muka sami motar Jega saura mutum biyu ta cika.